Jarumi Ba Kayan Jikinsa Ba Ne: Martani Ga Mai Kukan An Ɓata Batman

Tun daga watan Janairun 2024, manyan kamfanoni biyu da ke buga littattafan labaran zane a Amurka, wato Marvel da DC, suka shiga sake wa fitattun jarumansu lale. Marvel ya kira sabon jerinsa Ultimate, DC ya kira nasa Absolute. Wani marubuci da ya daɗe yana bibiyar irin waɗannan littattafai da ake kira komik ya bi sababbin fitowar ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sharhi, ya kuma rufe da hukunci mai tsauri. Ƙorafinsa uku ne. Na farko, an tuɓe wa jaruman duk abin da aka san su da shi. A wurinsa, Batman da ba shi da dukiya, ba shi da katafaren gida, ba shi da hadiminsa Alfred, wani mutum ne daban aka ara wa suna. Na biyu, abin duk dabarar kasuwa ce: a buga lamba ɗaya a bango, a yi wa littafi guda bangwaye barkatai, a kwashe kuɗin masu tarawa. Na uku, in har marubutan suna da sabon labari, su ƙirƙiri sabon jarumi su ƙyale na mutane. Mai sharhin ya karanta abin da yake magana a kai, kuma a fili yake ƙauna ce ta sa shi wannan kishi. Sai dai ma'aunin da ya ɗauka karkatacce ne. Ya auna jarumi da kayan da ke jikinsa da tarihin da aka tara masa, alhali abin da ke riƙe da jarumi shi ne abin da yake zaɓa ya yi idan duniya ta matse shi. Duk wanda ya auna da wannan zai tarar cewa littattafan nan sun fi riƙe amanar jarumansu fiye da tarin waɗanda ba su taɓa canza musu ko maɓalli ba.

A fara da Batman ɗin da marubucin ke karewa, a tambaya yaushe aka haife shi. Wanda Bob Kane da Bill Finger suka fito da shi a Detective Comics fitowa ta 27, a 1939, ba shi da Alfred, ba shi da kogo, ba shi da Robin, ko sunan birnin Gotham ba a raɗa ba tukuna. A labarinsa na farko ya naushi mugu ya faɗa tankin asid ya mutu, ko a jikinsa, kuma a wasu fitowar na wannan shekara har bindiga ya riƙe. Labarin kisan iyayensa, wanda yau kowa ke ɗauka shi ne ginshiƙinsa, sai a fitowa ta 33 aka ba da shi. Robin ya zo a 1940, a wajejen lokacin ne kuma editoci suka hana Batman kisa. Alfred ya shigo a 1943, mai ƙiba, abin dariya, mai burin zama ɗan sandan ciki, kuma ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan ne bayan Bruce Wayne ya riga ya girma ya zama Batman. Siririn Alfred mai gashin baki daga fim ɗin da aka yi a shekarar aka kwaikwayo shi. Shi kuwa Alfred da ya reni maraya Bruce ya zame masa uba, wanda mai sharhin ke jin rashinsa, bai kafu ba sai a 1986 da 1987, a hannun Frank Miller. A tsakanin nan Batman ya sha canza kama. Bayan littafin Fredric Wertham na 1954 ya tayar da hankalin iyaye a Amurka, kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai, Batman ya koma yawon sararin samaniya yana fafatawa da baƙin halittu. A 1966 Adam West ya mai da shi abin nishaɗi a talabijin. A farkon shekarun 1970 Dennis O'Neil da Neal Adams suka mayar da shi cikin duhun dare. Kowane zamani ya rantse nasa ne na gaskiya, kuma kowanne gyara ne a kan gyara.

Haka labarin yake ga sauran. Superman na Jerry Siegel da Joe Shuster, a Action Comics na 1938, ba ya tashi sama, tsalle yake yi, kuma jaridar da yake wa aiki Daily Star ce. Sunan Jimmy Olsen daga shirin rediyo ya fito a 1940, dutsen kryptonite ma daga rediyon jama'a suka fara jin sa a 1943. Lex Luthor mahaukacin masanin kimiyya ne shekara da shekaru, sai a 1986, lokacin da John Byrne ya sake gina labarin daga tushe, ya zama hamshaƙin ɗan kasuwa. Misalin da ya fi kusa da abin da muke magana shi ne na Flash. A 1956 DC ya ɗauki sunan wani jarumi na 1940, Jay Garrick, ya ba wani mutum daban, Barry Allen, da sabon kaya da sabon asali. A 1959 aka yi wa Green Lantern haka, Hal Jordan ya gaji sunan Alan Scott. Waɗannan biyu ne suka farfaɗo da kasuwar jarumai bayan ta kusa mutuwa. Da an bi dokar mai sharhin a 1956, da Flash ɗin da duniya ta sani bai wanzu ba. A 1961 kuma aka haɗa tsohon Flash da sabo a labari ɗaya, aka ce kowanne duniyarsa daban. Dabarar da jerin Absolute ya hau kai, ta duniyoyi masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta haura shekara 60 a gidan DC.

Mai sharhin zai iya cewa duk wannan ya ji, amma dukiya daban ce, domin Bruce Wayne ɗan masu kuɗi ne tun shafin farko na 1939. Wannan gaskiya ne, kuma nan ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Don haka ya kamata a buɗe Absolute Batman fitowa ta ɗaya, wadda Scott Snyder ya rubuta, Nick Dragotta ya zana, ta fito a watan Oktoban 2024, a ga abin da ya rage bayan an cire kuɗin. Thomas Wayne a nan malamin makaranta ne. Ya kai ɗalibansa gidan namun daji, cikinsu har da ɗansa Bruce, sai ɗan bindiga ya buɗe wuta. Thomas ya tura yaran cikin ɗakin jemagu, ya rufe musu ƙofa, ya tsaya a waje, a nan aka kashe shi. A tsohon labari yaro ya ga an kashe iyayensa a lungu ba su iya yin komai ba, ya gaji baƙin ciki da dukiya. A sabon, yaro yana bayan ƙofa jemagu na shawagi a kansa, mahaifinsa na mutuwa a madadinsa, ya gaji misali na yadda mutum ke tsayawa tsakanin yara da mai bindiga. Mahaifiyarsa Martha tana raye, saboda haka wannan Bruce yana da wadda zai ɓoye wa sirri da wadda yake tsoron rasawa. Da ya fito fili a karon farko, Dragotta ya zana shi ƙato, kafaɗunsa sun cika shafi. Tambarin jemage da ke ƙirjinsa farantin ƙarfe ne; ya zare shi ya ɗora a ƙota, ya zama gatari. Kunnuwan hularsa wuƙaƙe ne. Alkyabbarsa yana dogarawa da ita, yana kama abu da ita. Kowane abu a jikinsa aiki biyu yake yi, domin wanda ba shi da rumbun makamai ba ya ɗaukar kayan ado. Alfred, wanda a nan tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya ne, yana kallo daga nesa, ya kuma lura cewa duk tsananin dukan da matashin ya yi wa 'yan daba, bai kashe ko ɗaya ba. Alkawarin yaro maraya yana nan, ƙin kisa yana nan, kaifin basira yana nan. Waɗannan su ne Batman.

Cire dukiyar ya kuma buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Shekara da shekaru masu karatu na tambaya me ya sa attajirin da zai iya saye rabin gari ya zaɓi ya fita da dare yana karya ƙasusuwan 'yan unguwar talakawa. Marubuta da yawa sun yi ƙoƙarin amsawa, suna nuna gidauniyar Wayne da ayyukan jinƙai, amma tambayar ba ta taɓa kwanciya ba. Snyder ya juya ta gaba ɗaya. Bruce ɗinsa ɗan shekara 24 ne, injiniyan gine-gine, ya yi aiki a sassan lantarki da ruwa da shara na birnin har ya san Gotham ciki da bai. Motarsa ƙatuwar tifa ce ta wurin gini. Waɗanda a tsohon labari manyan abokan gabarsa ne, irin su Harvey Dent da Oswald Cobblepot da Edward Nygma da Waylon Jones, a nan abokan tasowarsa ne da suke zama a teburi ɗaya suna karta, wanda ya sa mai karatu ke jin zafin lalacewarsu tun kafin ta zo. Dukiya da jiragen sama da horo a ƙasashen duniya kuwa Joker aka ba, attajirin da ba ya dariya. Da mugun nan Black Mask ya yi wa Batman tayin maƙudan kuɗi don ya janye, ya karɓa ya cinna musu wuta a idon gari. A hannun biloniya wannan ba komai ba ne. A hannun ma'aikacin da ke zuwa aiki da safe, hukunci ne mai nauyi. Ga labarin da ba zai yiwu a ba da shi da tsohon Bruce ba. Kuma ko a babban jerin da mai sharhin ya yarda da shi, wani mugu mai suna Bane ya kashe Alfred a 2019, Bruce ya rasa mafi yawan dukiyarsa a 2020, ba wanda ya ce ya daina zama Batman.

Wasu littattafai biyu na jerin Absolute sun ƙara tabbatar da haka. Wonder Woman da William Moulton Marston ya ƙirƙira a 1941 ta taso ne a tsibirin aminci, cikin mata jarumai da ke ƙaunarta. Kelly Thompson da Hayden Sherman suka raba ta da duk wannan. A Absolute Wonder Woman an ɗauke ta tana jaririya an jefa ta gidan azaba na tatsuniyoyin Girka, aka miƙa wa matsafiya Circe, aka kuma hana matsafiyar ko furta sunan mutanen yarinyar. Ta girma tana tsafi, tana hawan doki mai fukafukai da ƙasusuwa kawai suka rage masa, tana jan takobi da ya kusa tsawonta. Amma da ta ga wani mutum, Steve Trevor, cikin halaka, ta ba da hannunta na dama don ta fitar da shi daga wurin. Tausayin wadda ta tashi cikin gata ana iya cewa tarbiyyar gida ce; tausayin wadda ta tashi cikin dodanni ya nuna halin nata ne. Shi kuma Absolute Superman na Jason Aaron da Rafa Sandoval, wanda ya fito a watan Nuwamban 2024, ya girma a duniyar Krypton cikin iyalin da aka ajiye a ajin 'yan ƙwadago, alamar da ke ƙirjinsa ma ta ajin ce, kuma an fara ganinsa ne a mahaƙar ma'adinai a Brazil yana kare leburori daga sojojin wani kamfani. Mai sharhin ya kira wannan cusa siyasar zamani. To a koma Action Comics fitowa ta 3, ta 1938, inda Superman ya ja mai mahaƙar kwal da baƙinsa cikin rami don su ɗanɗana halin da ma'aikatansa ke ciki. A fitowa ta 8 ya rusa gidajen unguwar marasa galihu don ya tilasta wa gwamnati gina masu kyau. Siegel da Shuster 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne da suka taso a Cleveland lokacin karayar tattalin arziki, kuma jaruminsu na talaka ne tun ranar farko. Sabon Superman ya fi kusa da na 1938 fiye da wanda ake kukan an ɓata.

Wannan ba ya nufin kowane canji alheri ne, kuma tarihin Spider-Man ya isa ya nuna inda iyakar take. Peter Parker ya auri Mary Jane a 1987. A 2007, a labarin One More Day, Marvel ya sa ma'auratan suka ƙulla ciniki da wani shaiɗani mai suna Mephisto, ya shafe aurensu daga tarihi don gwaggon Peter, May, ta rayu. Dalilin a fili yake: kamfanin na son Peter ya koma saurayi marar nauyi. Wannan shi ne mugun canji, domin an tilasta wa jarumin da aka gina a kan ɗaukar alhaki ya yi abin da ya saɓa wa halinsa, don kawai a hana shi girma. Kayansa ba su canza ba, sunansa bai canza ba, amma an ci amanarsa. A kwatanta da Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman da Marco Checchetto, wanda ya fara a Janairun 2024. Wani mugu ya shiga tarihi ya hana gizo-gizon cizon Peter yana yaro, sai ya girma mutum kamar kowa, ɗan shekara 35, da matarsa Mary Jane da 'ya'ya biyu. Kawunsa Ben yana raye, ɗan jarida ne, har ya ajiye aiki tare da J. Jonah Jameson don ƙin sunkuya wa Wilson Fisk, suka je kafa tasu jaridar. Fitowa ta farko kusan duk hira ce: taron tunawa da mamata, zance a wurin aiki, zaman miji da mata da dare. Saƙo ya iso wa Peter cewa an sace masa rayuwar da ya kamata ya yi, ga ta nan in yana so. Yaron 1962 na Stan Lee da Steve Ditko tsautsayi ne ya same shi. Magidancin 2024 shi ya miƙa hannu da kansa, ya san yana da iyalin da zai jefa cikin haɗari, bayan ya yi shawara da matarsa. An canza kusan komai na tarihinsa, an kuma ƙara wa darasin alhaki nauyi. Ma'aunin mai sharhin zai wanke labarin 2007 ya kama na 2024, kuma wannan kaɗai ya isa a yi shakkar ma'aunin.

Sai maganar kasuwa, inda tsoron marubucin ke da tushe. Littafin da ake saya santi 10 a 1938 yau yana kusan dala 5, kuma gaskiya ne ana yi wa fitowa guda bangwaye da yawa don mai tarawa ya sayi abu ɗaya sau da dama. Wannan hanya ta taɓa kai kasuwar ga rami. A 1991 X-Men fitowa ta ɗaya, da zanen Jim Lee da bangwaye biyar, ta sayar da kwafi wajen miliyan 8, da yawansu ba a taɓa buɗe su ba. A 1992 aka kashe Superman aka sayar da mutuwar tasa cikin baƙar leda a liƙe, mutane suka yi layi suna zaton sun sayi zinariya, a 1993 ya dawo da rai. Masu saye don riba suka watse, shaguna masu yawa suka rufe, Marvel ya shiga kotun fatara a watan Disamban 1996. Wanda ya san wannan tarihi dole ya yi taka-tsantsan da duk wani sabon lamba ɗaya. Amma alamun yau sun bambanta. Mai saye don ajiya bugun farko yake nema, daga nan ya tafi. Absolute Batman na farko, wanda ya fi kowane komik kasuwa a Amurka a 2024, an yi ta sake buga shi bugu bayan bugu, fitowar da suka biyo baya kuma suka ci gaba da zama a sahun gaba wata bayan wata. Wannan halin masu son jin yadda labari zai kaya ne. A 2025 kuma Absolute Wonder Woman ya ci kyautar Eisner ta sabon jeri mafi kyau, wadda ba da yawan ciniki ake ba da ita ba. Ban da haka, neman kuɗi ba sabon baƙo ba ne a wannan gida. Batman kansa an nemi a ƙirƙiro shi ne saboda Superman ya yi kasuwa, Robin kuma an kawo shi don a jawo yara. In niyyar kamfani ce ke ɓata littafi, to ba littafin jarumai ko ɗaya da ya tsira tun 1938. A soki yawan bangwaye da tsada, sun cancanci suka. Amma hukuncin labari a cikin shafuka ake yanke shi.

Ƙorafi na uku, cewa su je su ƙirƙiri nasu, yana da amsa biyu. Ta farko, suna yi. Hickman da Dragotta su ne suka yi East of West a kamfanin Image daga 2013 zuwa 2019, Snyder yana da Wytches a can, kuma Image ɗin ma masu zane ne da suka fice daga Marvel suka kafa shi a 1992 don mai aiki ya mallaki aikinsa. Abin da ya sa ba sa kai sababbin jarumansu DC da Marvel sananne ne. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130, suka shafe shekaru suna neman haƙƙi. Bill Finger ya mutu a 1974, sunansa bai hau kan Batman a hukumance ba sai 2015. Wanda ya ga haka ba zai kai ɗan da ya haifa gidan da za a raba shi da shi ba. Duk da haka sababbin fuskoki sun shigo ta tsofaffin sunaye: Miles Morales a 2011, wanda fim ɗinsa na 2018 ya ci kyautar Oscar, da Kamala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan daga Jersey City, wadda ta karɓi sunan Ms. Marvel a jerinta na 2014. Dukansu an tarbe su da irin wannan kuka, yau kuwa ba mai tunanin cire su. Amsa ta biyu ta fi zurfi. Akwai irin daɗin da sai sanannen jarumi ke bayarwa. Mai sauraron tatsuniya ya san Gizo tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku. A bakin wannan tsohuwa ya ci riba, a bakin waccan ya sha kashi, ba wanda ke cewa ba Gizo ba ne muddin wayonsa da kwaɗayinsa na nan, kuma sanin halinsa ne ke sa a ƙagu a ji yadda zai yi yau. Ganin Martha Wayne a raye tana magana da ɗanta yana taɓa zuciya ne saboda mai karatu ya shekara yana ganin kabarinta. A ba wani sabon jarumi uwa, ba abin da zai motsa. Bambancin kawai shi ne Gizo ba shi da mai shi, Batman kuwa kadarar kamfani ce da ake tsaro kamar ƙwai. Shi ya sa duk ranar da kamfanin ya saki linzami ya bar marubuci da mai zane su yi abin da suka ga dama, ranar murna ce ga mai son fannin.

Akwai kuma abin da sharhin ya tsallake baki ɗaya: ba a ƙwace wa kowa komai ba. Lokacin da DC ya rushe duniyoyinsa a Crisis on Infinite Earths a 1985 da 1986, da lokacin da ya sake komai daga lamba ɗaya a 2011, tsohon mai karatu yana da hujjar fushi, domin an share abin da ya bi shekaru aka ce ya karɓi sabo ko ya haƙura. Wannan karon tsohon jerin na tafiya yadda yake. Detective Comics ya wuce fitowa ta 1000 tun 2019 bai tsaya ba, Amazing Spider-Man na fita, Bruce mai kogo na nan ga mai son sa. Abin da aka ƙara shi ne ƙofa ga wanda ya san jaruman ta fim amma tarihin shekara 85 ya tsorata shi. Matashin da ya shiga shago ranar Laraba, ranar da sababbin littattafai ke sauka, yana iya ɗaukar fitowa ta ɗaya ya fahimci komai ba tare da ya nemi wanda zai yi masa bayani ba. Fannin da ba ya samun irin wannan matashi tsufa zai yi tare da masu karanta shi.

Haɗarin da ke gaban waɗannan littattafai daban yake da wanda mai sharhin ya hango. Jerin Ultimate na farko, wanda ya fara a 2000, shi ma da wannan ɗanyen jini ya soma, sannan ya tara nasa kayan nauyi, aka yi ta haɗa labarai da kashe-kashen girgiza masu karatu, har aka naɗe shi a 2015. Hickman ya yi wa sabon wa'adi a cikin labarin kansa, shekara biyu, kowace fitowa wata guda, kuma wa'adi na tilasta wa marubuci ya nufi wani wuri. Idan DC ya ga kuɗi ya ruɗe, ya tsinka jerin Absolute gida ashirin, ya kashe Martha don a yi surutu, ya lallaɓa ya mayar wa Bruce dukiya don ya yi kama da na fim, to a ranar za a ci amanar littafin, kuma a ranar ya kamata a ji muryar masu kishi. Kafin nan, tambayoyin da suka dace da kowace sabuwar fitowa su ne ko canjin ya haifar da labarin da ba a iya bayarwa a da, ko jarumin ya yi zaɓin da ya dace da halinsa, ko zanen ya ɗauki nauyin labarin. Kishin marubucin abu ne mai amfani, kuma akwai inda ake bukatarsa: a kan farashin da ke korar yara daga shago, a kan haƙƙin masu zanen da ake gina finafinan biliyoyin daloli da aikinsu, da kuma kan kamfanonin da ke tsoron barin labari ya kai ƙarshensa. Can ya kamata ya juya alƙalaminsa, ya bar Snyder da Thompson su ƙarasa abin da suka fara.